Mujallar eCAM da masana'antar takardun bogi

Duk lokacin da wani ya turo min saƙon WhatsApp cewa "bincike ya tabbatar" zogale ko habbatussauda na warkar da ciwon sukari, abin da nake fara tambaya shi ne: a wace mujalla aka buga? Sau da yawa sunan da ke fitowa shi ne Evidence-Based Complementary and Alternative Medicine, wadda ake taƙaitawa da eCAM.

Farkonta ba abin rainawa ba ne. Farfesa Edwin Cooper na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ne ya kafa ta a 2004, kuma madaba'ar Jami'ar Oxford ce ke buga ta. Manufar ita ce a ɗora magungunan gargajiya a ma'aunin kimiyya, a ga mai aiki da mara aiki. Wa zai ƙi wannan?

Sai aka zo 2010, ta koma hannun Hindawi, kamfanin buga mujallun kimiyya da aka kafa a Alƙahira. A tsarinsu, marubuci ne ke biyan kuɗi a buga masa, mai karatu kuma ya karanta kyauta. To, idan kowace maƙala kuɗi ce, wane edita ne zai so yawan mayar da ita? Edzard Ernst, wanda ya daɗe yana binciken wannan fanni a Jami'ar Exeter, ya fito fili ya ce tantancewar da ake yi a mujallar wasan yara ce.

Kamfanin buga littattafai da mujallu na Wiley ya sayi Hindawi a 2021 kan kusan dala miliyan 298, ashe ya sayi ɓaure ne, waje ja ciki ƙwari. Masu sayar da takardun bogi sun riga sun samu ƙofa ta fitowa ta musamman, wato bugun mujalla da ake keɓe wa jigo ɗaya, inda ake ba baƙon edita wuƙa da nama. Malami mai neman ƙarin girma ya biya, a sa sunansa a binciken da bai taɓa gani ba. A 2023 kamfanin Clarivate ya cire eCAM daga Web of Science, rumbunsa na mujallun kimiyya da aka amince da su, a shekarar kuma Hindawi ya janye maƙalu sama da 8,000 daga mujallunsa. A 2024 aka rufe eCAM.

Waɗanda nake tausayi su ne masu bincike na gaskiya, har da na jami'o'inmu, da suka yi watanni suna auna ɓeraye a ɗakin gwaji, suka haɗa kuɗin bugawa da ƙyar, yanzu aikinsu na zaune kusa da na 'yan damfara. Maƙalun duk suna nan a intanet. Idan za ka buɗe ɗaya, fara duba samanta ko an lika mata tambarin janyewa.