Makarantar da ta zauna a kan durom 256

Shekara 19 ke nan ina aikin kafinta a Legas, kuma har yau idan mota ta hau da ni gadar Third Mainland, sai na juya na kalli Makoko. Gidajen katako ne a kan turaku cikin ruwa, hayaƙin bandar kifi yana tashi, yara ƙanana suna tuƙa kwalekwale kamar yadda namu ke tuƙa keke a Kano. A 2013 wani sabon gini ya ɓullo a wurin, mai kusurwa uku, ya ɗara duk rufin da ke kewaye da shi. Makaranta ce, mai zanen gine-gine Kunle Adeyemi ya tsara ta, kuma ba turke ko ɗaya a ƙarƙashinta. Shawagi take yi a kan ruwa.

Zuciyata ba ta bar ni ba sai da na biya mai kwalekwale ya kai ni. Da muka matsa kusa na durƙusa na leƙa ƙasanta. Durom ne na roba, irin wanda masu ga-ruwa ke cikawa, guda 256, an jera su cikin firam na katako. A kansu aka ɗora hawa uku, tsayin kusan mita 10. Ƙasa fili ne na wasa da taro, azuzuwa suna sama. Na shafa mahaɗar katakon da hannuna, na ji daɗi ƙwarai, domin aikin kafintocin unguwar ne, mutane irina. Idan ruwa ya ƙaru ta tashi tare da shi, idan ya janye ta sauko.

A watan Yunin 2016 aka yi ruwa mai ƙarfi, ginin ya rufta. Allah Ya kiyaye, ba kowa a ciki. Abokan aikina suka ce ai dama, wa ya taɓa gina gida a kan ruwa ya zauna lafiya? Ban yarda da su ba, har yanzu ma. Duk wanda ya taɓa katako ya san ruwan gishiri yana cin ƙusa, danshi yana ruɓar da mahaɗa. Gidan ruwa ɗan'uwan kwalekwale ne, sai ana dubawa, ana ɗaure abin da ya saki, ana sauya abin da ya ruɓe.

Mutanen Holan sun kama wannan tun tuni. A Amsterdam akwai unguwar Schoonschip, iyali 46 a kan ruwa. Gidajen ruwa na can galibi suna zaune ne a kan akwatin kankare mai rami, an ɗaure shi da dogayen sandunan ƙarfe, yana hawa da sauka amma ba ya tafiya. Wannan sai mai kuɗi. Durom kuwa talaka ma yana iya saye.

Ranar da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024, Maiduguri ta cika, ƙanwata da ke aure a can ta kwana biyu a kan rufin maƙwabta da 'ya'yanta uku. Hatsinta, katifu, keken ɗinkinta, duk ruwa ya ci. Da muka yi waya ina jin muryarta tana rawa, ba abin da ke zuwa mini a rai sai duromomin nan na Makoko.

Yanzu ina da guda takwas a bayan shago. Dandamali nake haɗawa, faɗin tabarma huɗu, wanda zai ɗauki buhuna da yara idan ruwa ya shigo gida. Ranar Lahadi, in Allah Ya yarda, za mu kai shi bakin ruwa mu ɗora masa buhun yashi mu gani.