Godiya ga duk waɗanda suka tsaya mana a kan Auta

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki na Damagaram da kewaye. Alhamdu lillahi an sallamo Auta daga asibiti, har ta koma rigimarta da yayyenta.

Ga waɗanda labari bai iske ba: bayan la'asar ranar Talata aka same ta tana amai, hannunta riƙe da ɗan icen nan mai rawayen fure na bakin ƙofarmu a Birni, ta tattauna shi. Da shi muka tarar da gidan, fulawa kawai muke ce masa. Na ɗauki hoton furen dab da dab na tura zaurenmu na WhatsApp, nan take amsoshi suka yi ta shigowa, kowa da sunan da ya ba shi.

Godiya ta farko ga Kawu, tsohon ma'aikacin gandun daji. Shi bai yi saurin yanke hukunci ba. Kirana ya yi ya ce: "Ɗiyata, fure kaɗai ba ya isa, masu rawayen fure irin wannan suna da yawa. Ɗauko mini ganyen da ɗan, ki kuma karya reshe ki faɗa mini abin da ya fito." Ganye siriri ne dogo mai sheƙi, ɗan kore mai ƙwallo a ciki, reshen kuwa farin ruwa ya zubo kamar na tumfafiya. Ya ce Thevetia ne, asalinsa daga Meziko da Amurka ta Tsakiya, dangin kariya da tumfafiya, kuma ko'ina a jikinsa dafi ne, musamman ƙwallon, dafin da ke rikita bugun zuciya. Ya hana a ɗura mata komai ko a tilasta mata amai, ya ce a kai ta yanzu, a tafi da reshen. Inna har ta ɗauko madara, da ƙyar aka shawo kanta.

Reshen nan ya sauƙaƙa wa likitoci aiki. Suka sa mata na'urar auna zuciya, suka yi mata ƙarin ruwa, suka riƙe ta har bugun ya daidaita. Ma'aikaciyar jinyar da ta kwana tana leƙo mu, Allah ya ji ƙan iyayenki.

Hajiya maƙwabciyarmu da ta kwashe sauran yara zuwa gidanta, mata masu aiko da fura da kunu, da ɗan kabu-kabun da ya ƙi karɓar ko dala, Allah ya saka muku da alheri, ya raya muku zuri'a.

Masu tambaya kan icen, an sare shi jiya. Kawu ya ce kar a yi makamashi da shi, kar kuma a bar wa awaki ganyen, don haka rami aka haƙa aka binne. Na ga irinsa a ƙofofin gidaje da dama a Sabon Gari da Zango. Mai son ya gwada da na gidansa ya yi mini magana, zan turo masa hotunan ganyen da ɗan.