Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Ɗauri a Kan Gadon Asibiti

A makon jiya na tsaya ne a inda Yayana da maƙwabtanmu suka sanya ni a tsakiyarsu a bayan mota bayan sallar isha'i, suka fito da ni daga Tudun Wada zuwa wani asibiti a nan cikin garin Kaduna saboda lalurar ƙwaƙwalwa da ta taso mini, bayan na yi kwana da kwanaki ban runtsa ba tun daga ɗinkin Sallah da ya taru mana a shago a Kasuwar Barci. Abin da zan faɗa yau shi ne mafi nauyi a bakina cikin dukan wannan tarihi, kuma na daɗe ina jinkirta shi, domin har yanzu idan na tuna shi sai in ji wuyan hannuna yana tsami.

Kafin in faɗi yadda aka ɗaure ni, ya kamata mai karatu ya san abin da ke cikin kaina a daren nan, domin waɗanda suke wurin sun ga abu ɗaya, ni kuma ina cikin wani abu dabam. Su dai sun ga matashi majiyi ƙarfi yana ihu, yana zagin mutanen da bai taɓa gani ba, ya ture tebur, ya fasa gilashin taga. Ni kuwa na riga na sakankance, babu ko ɗigon shakka a zuciyata, cewa an kawo ni wurin ne domin a hallaka ni, kuma Yayana da kansa an yaudare shi an sa shi cikin shirin. Hasken fitila yana sukar idona, ƙarar takalmin mai wucewa tana shiga har cikin ƙwaƙwalwata, kuma duk wanda ya yi raɗa da na kusa da shi, a wurina ni ake ƙulla wa sharri. Da na ga maza sun taso mini lokaci guda, wasu ta gaba wasu ta baya, babu wanda ya ce mini uffan, sai abin da nake tsoro ya tabbata a idona. Duk naushi da shurin da na kai a wannan dare na mai neman tsira da ransa ne, kuma daga baya da na zauna da wasu majinyata muna hira, kusan kowannensu da tsoro ya fara ba ni labarin nasa daren.

Sun kayar da ni rub da ciki a kan katifa. Wani ya riƙe hannun dama, wani na hagu, wasu suka danne ƙafafu, wani kuma ya ɗora gwiwarsa a tsakiyar bayana, fuskata ta nutse cikin ledar katifa har numfashi ya fara gagara ta. Ina ƙoƙarin ɗago kai in shaƙi iska, su kuma suna ɗaukar wannan yunƙuri a matsayin ƙarin faɗa, sai su ƙara dannewa. Na ji an ja wandona ƙasa a gaban jama'a, na ji shigar allura, sannan aka juya ni rigingine aka ɗaure hannuwana da ƙafafuna a jikin ƙarfen gado da tsumman zanin gado da aka yayyaga, kamar yadda ake yi wa ragon layya. A cikin waɗanda suka riƙe ƙafata har da Yayana, wanda ya goya ni ina yaro, ya kawar da kai yana hawaye, ni kuma ina kiransa maci amana.

Bayan sun tafi ne ainihin wahalar ta fara. Ƙullin da ke hannuna na hagu irin wanda yake ƙara tsukewa ne duk sanda aka ja shi, kafin tsakar dare yatsuna sun kumbura sun mutu, ba na jin su. Sauro ya sauka a gefen idona, ina kallonsa yana cizo, ba ni da ikon kore shi. Maƙogwarona ya bushe saboda ihu da kuma allurar. Fitsari ya matse ni, na yi ta kira, na kira da ladabi, na kira da kuka, na roƙa don girman Allah a kwance mini hannu ɗaya kawai, amma duk kiran da na yi an lissafa shi cikin surutun mai taɓin hankali. A ƙarshe na sake shi a inda nake kwance. Da aka kira sallar asuba a wani masallaci da ke kusa, ina kwance cikin najasa, ba alwala, ba halin juyawa gabas, na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba tun rasuwar mahaifinmu. Ni da na tashi a gidan da ko zama ba a yi a kan tabarmar salla da rigar da ake shakkar tsarkinta, wannan ya fi ciwon ɗaurin cin raina nesa ba kusa ba.

Akwai abin da nake so duk ma'aikacin jinya da duk ɗan uwan majinyaci ya riƙe: wanda aka ɗaure yana ji, kuma yana tunawa. Allurar ta sa jikina ya yi nauyi, idona yana lumshewa, amma kunnena a buɗe yake. Na ji ana cewa, "Wancan na gadon ƙarshe ai ya yi nisa." Na ji wani yana tambayar Yayana ko ina shaye-shaye, ana maganar a kaina kamar ba na wurin. Tun daga lokacin da aka shigo da ni har gari ya waye babu wanda ya kira sunana, babu wanda ya ce mini ga dalilin ɗaurin, ko ga lokacin da za a kwance ni. Rashin sanin ƙarshen abin ya sa na ɗauka haka zan dawwama.

Washegari wata sabuwa ta ɓullo. Wuyana ya murɗe gefe guda ya ƙage, harshena ya yi kauri ya fito waje, idanuna suka kafe sama. Inna da ta zo da kunu ta gan ni a haka ta fashe da salati, wata 'yar uwarmu ta ce ai ga shi nan, aljanin ne ya bayyana, a mayar da ni gida a yi ruƙiyya. Da likita ya zo zagaye ya duba, sai ya ce musu illar allurar da aka yi mini ce, mai suna haloperidol, wadda takan sa jijiyoyin wuya da na harshe su ɗaure, musamman ga samari, kuma akwai maganin da ke warware ta. Aka ba ni, ba a jima ba wuyana ya saki. Na kawo wannan ne domin mutumin da ke ɗaure ba ya iya nuna inda ke masa ciwo, idan kuma harshensa ya ƙage ba ya iya faɗa, saboda haka rayuwarsa gaba ɗaya tana hannun wanda zai leƙo ya dube shi.

Ba zan ce ma'aikatan nan mugaye ba ne, kuma ba zan ce bai kamata a riƙe ni ba. Da an bar ni a daren nan, da na ji wa wani ciwo ko na ji wa kaina, domin gilashin da na fasa yana warwatse a ƙasa. Da na samu sauƙi na ga yadda suke aiki da dare: mutum biyu ko uku a kan ɗaki cike da maza marasa lafiya, wani yana kuka, wani yana neman tsallake katanga, kuma na ga tabon cizo a hannun ɗaya daga cikinsu. Su ma a tsorace suke. Amma na san ana iya yin abin ta wata hanya, domin an sake ɗaure ni kafin a sallame ni, kuma wannan karon ya bambanta ƙwarai.

Ranar wata Juma'a ce, na dage sai na tafi masallaci daga nan in wuce gida, aka hana ni, raina ya ɓaci, na ɗauki kujera. Wani dattijon ma'aikacin jinya, wanda kowa a ɗakin yake kira Baba, shi ne a bakin aiki. Ya sa sauran suka ja da baya, ya tsaya a gabana inda nake ganin hannuwansa duka biyu, da ɗan nisa tsakaninmu, ya sassauta murya ya kira ni da sunana, har da Malam a gaba. Ya tambaye ni abin da nake so, ya saurara har na gama, ya ce in zaɓa tsakanin ƙwaya da allura. Na ƙi duka biyun, na ɗaga kujerar. Sai ya ce, "Malam, yanzu za mu riƙe ka, ba don ka yi laifi ba, sai don kada ka ji ciwo ko wani ya ji. Ni zan tsaya a wajen kanka, kuma da zarar jikinka ya lafa ni da kaina zan kwance ka." Aka kwantar da ni rigingine, ba wanda ya hau bayana ko ƙirjina. Bayan an ɗaura, ya zura yatsansa tsakanin ƙyallen da fatata ya tabbatar bai matse ba, ya ja labule, ya rufa mini zane. Yana ta dawowa a kai a kai, ya taɓa yatsuna ya ji ɗuminsu, ya ɗago kaina ya ba ni ruwa, ya tambaye ni ko ina jin fitsari. Ya fara kwance hannu ɗaya, da ya ga na natsu ya kwance sauran, kafin la'asar ina zaune a bakin gado. Da yamma ya jawo kujera, wadda na ɗaga ɗazu, ya zauna ya ce, "To Malam, gaya mini, me za mu yi gobe idan ka ji abin yana tasowa?"

Na yi fushi a wannan ɗaurin ma, na yi kuka, amma ban ji an fitar da ni daga cikin mutane ba. Daga baya likitana ya bayyana mini cewa abin da Baba ya yi shi ne ƙa'idar aikin: ba a ɗauri sai an gwada lallashi da magani sun gaza, ba a yinsa don horo ko don ma'aikaci ya huta, ba a danne mutum rub da ciki domin hakan yana iya toshe numfashi har ya kai ga mutuwa, kuma ba a barin sa ya daɗe, saboda jini yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa, matsewar ƙulli kuma tana iya lalata jijiyar hannu.

Duk da haka ina cikin masu sa'a. Tun ciwon yana sabo Kawunmu ya kawo shawarar a kai ni gidan mari, inda ya ce ana gyara kangararru da masu iska, Inna ce ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ɗana ba zai sa mari ba ina raye." A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, duk Kaduna ta ɗauka. Na kalli hotunan a waya jikina yana rawa, domin ni dare ɗaya da tsumma ya bar mini abin da ya bari, su kuwa wasunsu sun yi shekaru da ƙarfe. A watan Nuwamba na shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto cewa ana ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa da sarƙa a sassa dabam-dabam na Najeriya, a gidajen masu maganin gargajiya da wuraren addini, na Musulmi da na Kirista, har da wasu cibiyoyin gwamnati. Abin takaici shi ne a ƙasar nan ne Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta tun 1954, inda majinyata suke zaune a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu suna zuwa asibiti karɓar magani, har duniya ta yaba. Amma dokar da ke kanmu lokacin da nake kwance ita ce ta 1958, ta zamanin Turawan mulkin mallaka, wadda ta fi damuwa da tsare mu a kan yi mana magani. Sai a watan Janairu na 2023 aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta amince cewa mai wannan lalura yana da haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Na yi murna da ita, sai dai na san doka ba za ta isa gadon ƙarshe da tsakar dare ba sai an ƙara ma'aikata an kuma horar da su.

Ɗaurin farko ya bi ni har gida. Na daina ɗaura agogo, kuma idan aboki ya kama wuyan hannuna cikin wasa sai in fizge da ƙarfin da ke ba shi mamaki. Mafi hatsari shi ne lokacin da barci ya sake fara ƙaurace mini, na ɓoye wa kowa, domin a raina asibiti yana nufin gadon nan da ƙullin nan. Matata ce ta lura ina tashi ɗinki da tsakar dare, ta gaya wa Yaya. Ya zo ya same ni a zaure, muka yi maganar da muka daɗe muna kauce mata. Ya ce, "Ƙanena, wallahi tun daren nan hannuna bai daina jin ƙafarka ba." Na ce masa na san don ya cece ni ya yi. A nan muka yi yarjejeniya, muka rubuta a takarda, muka kai wa likita ya sa a fayil ɗina: idan ciwon ya taso, mutum ɗaya ne zai yi mini magana, ta gaba, da sunana, a fara ba ni ƙwaya kafin allura, idan ɗauri ya zama dole, kada a kifa ni, kada a bar ni ni kaɗai, kuma kada a sa Yaya cikin masu riƙewa, shi aikinsa ya tsaya inda zan ga fuskarsa. Da wannan takarda na yarda na koma ganin likita da ƙafata, aka gyara mini magani ba tare da an kwantar da ni ba.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin ranar da aka sallame ni, da saƙon da surukaina suka aiko a kan zaman aurenmu tun ban kwana biyu a gida ba.