Goggo ta ƙi ritaya: yadda na yi da tsohuwar laftof ɗina

A shagona na Samaru akwai wata laftof da yaran layi suka sa wa suna Goggo, wai don in ka danna mata abu sai ta gama tunaninta tsaf kafin ta amsa, kuma ba ka isa ka sa ta sauri ba. Tokumbo na saye ta tun da daɗewa, firosesa ɗinta, wato ƙwaƙwalwarta, Core 2 Duo ce, RAM ɗinta 2GB, Windows 7 mai bit 32 a kai. Da ita nake buga furojek ɗin ɗalibai, da katin ɗaurin aure, da takardar yarjejeniyar haya, da duk wani abu da za a kawo a ce Malam don Allah a taimaka gobe ake so. Kuma maganar gaskiya ba lalacewa ta yi ba, har yau Word ɗinta da CorelDRAW X3 suna buɗewa kaman ranar da aka saka su. Abun da ya canza shi ne kayan da mutane suke kawo min da kuma intanet ɗin kansa.

Tun 14 ga Janairu 2020 Microsoft suka daina kula da Windows 7, lokacin ko a jikina don komai na tafiya. Wanda na ji a jikina shi ne na Chrome, da ya tsaya a lamba 109 a farkon 2023, daga nan duk sabon da ya fito sai mai Windows 10 zuwa sama. A hankali a hankali sai wasu shafuka suka fara ce min burauzarka ta tsufa, wasu ma ba za su ce komai ba kawai madannin da za ka danna ka biya kuɗi ne ba zai fito ba, ɗalibi na tsaye a kanka yana kallon agogo yana cewa Malam ko na je wani shagon ne. Ga shi in na buɗe WhatsApp a burauza na ƙara shafi biyu, shikenan Goggo ta shiga halwa, fitilar faifan nan ta kunnu ta ƙi mutuwa, kana jin shi ƙir ƙir ƙir daga ciki.

Na daɗe ban gane me wannan ƙarar take nufi ba sai da wani abokina da ya karanci kwamfuta a ABU ya zauna ya min bayani muna shan shayi, kuma da teburin mai shayin ya yi min misali. Ya ce RAM shi ne teburin, abun da ke kai nan take hannu zai kai gare shi. Faifan ajiya kuma shi ne sito. In tebur ya cika sai Windows ya fara kwashe wasu kayan yana kai su sito, in an nema a sake aiken yaro ya ɗauko, to sito ɗin Goggo faifai ne mai juyawa da allura tana bin sa tana nema, yaron aiken nata a ƙafa yake zuwa. Windows kansa ya cinye kusan rabin teburin tun kafin ka buɗe komai, sauran kuma burauza ta zamani ba ta ma san shi ba.

Daga nan fa shawara ta fara zuwa ta ko ina. Ɗan yayana shi ne na farko, ya ce Baffa ai Windows 11 ake yayi yanzu, ka ba ni ita kwana ɗaya in saka maka. Na ce ai an ce sai mai RAM 4GB da wani abu wai TPM 2.0, ya ce wannan ba matsala ba ce akwai wata manhaja Rufus, in kana haɗa fulash ɗin saka Windows da ita sai ka cire wannan sharaɗin. Kuma gaskiyarsa ana cirewa. Abun da bai sani ba shi ne tun daga fitowar 24H2, Windows 11 yana neman wasu umarni a cikin firosesa ɗin kanta, SSE4.2 da POPCNT, waɗanda Core 2 Duo ba a haife ta da su ba, wannan kuma babu dabarar da za ta saka mata su. Ya wuni yana fama da ita ya dawo min da ita da magariba yana cewa Baffa wannan abar taku sai dai gidan tarihi. Allah ya sa na kwafe fayilolina kafin na ba shi.

Windows 10 zai hau, wannan ba gardama, don a takarda 1GB yake nema a bit 32, 2GB a bit 64. Amma hawa daban tafiya daban, na taɓa ganin sa a kan irin ta a shagon maƙwabcina, in ya fara sabunta kansa a ɓoye ko linzami ba ya motsi. Kuma shi ma wa'adin da Microsoft suka sa na daina kula da shi 14 ga Oktoba 2025 ne, to me zai sa in bar gidan da rufinsa ya yaye in koma wanda aka riga aka ba masu haya notis.

Sai na ɗauke ta na hau keke napep zuwa PZ wajen wani mai gyara. Yana ganin ta ya ce Alhaji RAM za a ƙara, na ce to ƙara mata 8GB mu huta. Ya yi dariya ya kwance murfin ƙasa ya nuna min. Nata DDR2 ne, ramuka biyu kowanne da 1GB a ciki, wato ba ma ƙari za a yi ba, cire su za a yi duka a saka wasu. DDR3 ɗin da ya cika kasuwa ba zai shiga ba don tsagar da ke jikinsa ba wuri ɗaya take da na DDR2 ba, in ka matsa sai ka karya ramin. Mai 2GB ana samu a jikin matattun laftof, amma mai 4GB guda ɗaya na DDR2 ya ce ko Beirut Road na Kano ka je sai ka sha yawo, in ka samu ma kuɗinsa ya isa ka fara tunanin wata kwamfutar. Sannan ya ƙara da abun da ban taɓa sani ba, wai Windows mai bit 32 ba ya iya ganin abun da ya wuce 4GB, a cikin huɗun ma uku da ɗan wani abu zai ba ka, sauran ya tafi wajen kayan cikin na'urar. Da na sayi 8 ɗin da asara kawai na yi.

Shi ne ya kawo maganar SSD, wato sabon nau'in ma'ajiya da ke maye gurbin faifan ajiya, kuma wallahi da farko na ɗauka so yake ya sayar min da kaya. Ya ce Alhaji tebur dai ba zai girma sosai ba, amma za mu iya saya wa yaron aiken babur. Kai, ashe misalin mai shayin nan ya zaga gari. SSD mai inci 2.5 na SATA yana shiga daidai inda tsohon faifan yake, ba ruwansa da juyawa ko allura, duk da cewa mahaɗar tsohuwar laftof ba za ta bar shi ya yi cikakken gudunsa ba. Na yarda aka saka mai 128GB, aka saka RAM 2GB biyu, ya buɗe wajen fanka ya ciro wani dunƙulen ƙurar hunturu kaman audugar katifa, ya goge busasshen man da ke kan firosesa ya shafa sabo. In za a tambaye ni a cikin ukun nan wanne ya fi yin aiki, SSD ne ba tantama, kunnawar da nake yi in je in yi alwala in dawo yanzu kafin in gyara zama ta gama.

Saura maganar intanet, don SSD ba zai mayar da Chrome 109 sabo ba. Firefox 115 ESR ya ɗan riƙe masu Windows 7 na wani lokaci, na yi amfani da shi, amma shi ma reshe ne da aka daina yi wa sabon gini sai faci. Abokin nan nawa ya dage sai na gwada Linux, wato wani tsari da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, ya ce Core 2 Duo ai tana ɗaukar bit 64, tun farko wanda ya saka min mai 32 ne ya rage mata hanya. Ya kawo wani nau'insa da ake kira Linux Mint a fulash muka kunna ba tare da mun goge komai ba, sai ga sabon Firefox yana buɗe duk shafukan da suke kore ni, RAM ɗin nan huɗu kuma ya gan su. Na ji daɗi har na ce a goge Windows ɗin gaba ɗaya, Allah ya taimake ni ya ce a'a Malam yi sati ɗaya da shi tukuna.

A cikin satin nan na gane inda gizo ke saƙa. LibreOffice, wanda ke tsayawa a madadin Word a Linux, yana buɗe fayil ɗin Word lafiya lau, amma furojek mai shafi tamanin da tebura da lambar shafi ta Rumawa a gaba, sai ka ga tebur ya tsallaka wani shafin, taken babi ya sauko ƙasa, kuma duk wanda ya san sufabaiza ya san akwai masu auna gefen takarda da rula. Wani ɓangare na laifin na font ne, Times New Roman ba ya zuwa da Linux sai ka saka shi, akwai Liberation Serif da aka yi shi da faɗin haruffa iri ɗaya don kar layi ya motsa, yana taimakawa amma ba kullum ba. CorelDRAW kuwa babu na Linux kwatakwata. An nuna min Inkscape a madadinsa, na gwada, mai kyau ne, amma hannuna ya shekara goma yana bin hanya ɗaya kuma mai katin biki ba zai jira in koyi sabon abu ba.

Ga kuma tsofaffin fayilolin Hausa da ke wajena, waɗanda aka buga da font irin su Rabi'at tun kafin haruffa masu ƙugiya su zama ruwan dare a Unicode. A waɗannan, ƙ da ɗ da ɓ ba su ne a cikin fayil ɗin ba, wasu alamomi ne font ɗin yake sa wa riga, shi ya sa in ka buɗe a kwamfutar da ba ta da shi sai ka ga }asa a maimakon ƙasa, ]aya a maimakon ɗaya. Wani malami ya taɓa kawo min rubutunsa na shekaru a haka yana cewa an lalata masa aiki, alhali ba abun da ya lalace. Yanzu duk wanda ya shigo hannuna ina bin sa da nemo-ka-musanya in mayar da su haruffan gaske, sabon aiki kuma ban ƙara bugawa da tsohon font.

To a ƙarshe raba mata aiki na yi. SSD ɗin an raba shi biyu, in na kunna tana tambayata ina za mu. Windows 7 na nan da Word da Corel da direban tsohuwar furinta, amma na kashe masa intanet gaba ɗaya, ko waya ban haɗa masa. Duk abun da ya shafi burauza, imel, biyan kuɗi, cike fom, a Linux nake yi. Fulash ɗin ɗalibai ma a Linux nake fara buɗe shi, don wannan cutar da take ɓoye fayiloli ta bar maka gajerun hanyoyi na bogi ba ta da abun kamawa a can, ina ganin ta ƙuru-ƙuru in goge. Wanda ya kawo aikin Corel da aka ajiye da sabon fito kuma X3 ba zai buɗe ba, sai in ce ya koma a ajiye masa a lamba 13, wato ta X3, ko a mayar PDF, wasu su yi tsaki su tafi, wasu su dawo.

Bidiyo dai har yanzu sai a hankali, YouTube in ya wuce 480 sai hoto ya tsaya murya ta yi gaba. Batir kuma ya mutu tuntuni, ana ɗauke wuta take ɗaukewa ita ma, shi ya sa ɗan yatsana na hagu kullum yana kan Ctrl da S. Uwargida ta ce kuɗin da na kashe da na haɗa na sayi wata, na ce mata wadda zan saya ɗin da ke ɗaukar Windows 11 da gaske sai mai firosesa irin su Intel ƙarni na 8 zuwa sama, ta je ta tambayo farashi. Jiya ɗan yayan nawa ya leƙo shago ya tarar tana buga furojek na uku tun safe, ya tsaya ya kalle ta ya ce Baffa to madannin E ɗin nan da ya fita fa, na ce masa yana cikin durowa, gam nake nema.