Fumfuna a Cikin Gilashin Kyamara

Shagona ƙarami ne a Aboabo, cikin Kumasi, kuma sana'ata sayar da gilasan kyamara na gwanjo da gyaransu, yawanci na Canon da Nikon. Ba na yi wa gilashi kuɗi sai na buɗe ƙofar haskensa gaba ɗaya, na haska tocila ta baya, na leƙa ta gaba. Fumfuna nake nema, wadda takan faro daga gefe kamar saƙar gizo.

Garinmu na laima ne. Daga Afrilu zuwa Yuli, sannan Satumba da Oktoba, danshin iska yakan wuce kashi 70 cikin 100, kuma gilashin da aka rufe cikin jakar fata a ɗaki mai duhu, da ƙura da maiƙon yatsa a jikinsa, ya samu duk abin da fumfuna ke bukata.

Masu saye suna tsorata da yawanta, ni kuwa mazauninta nake dubawa. Gilashin kyamara gilasai ne da yawa jere a ciki. 'Yan zare kaɗan a gefen gilashin gaba da wuya su nuna a hoto. Idan ta kama gilashin baya, ko ta bazu zuwa tsakiya, sai ta riƙa watsa haske: baƙi ya koma toka-toka, launi ya dushe, hazo ya rufe hoton, musamman idan an fuskanci rana ko fitila.

Bayan Babbar Sallah wani saurayi mai ɗaukar hoton biki ya zo da damuwa, domin a hotonsa amarya ta fito cikin farin leshi kamar a tsakiyar hazon hunturu.

"Baba, kyamarar ce ta mutu?"

"A'a, ɗana, lafiyarta ƙalau. Miƙo gilashin."

Na kwance shi, na wanke da sinadari, amma na gaya masa gaskiya tun kafin ya biya. Fumfunar ta daɗe, ta riga ta cinye siririn shafen da ke kan gilashin, kuma wannan tabo ba ya fita da wanki. Wadda ta shiga tsakanin gilasai biyu da aka manne ma ba na karɓar aikinta, saboda kuɗin gyaran yakan fi na gilashin.

Hotonsa ya gyaru, ko da yake har yanzu yana ɗan hazo idan ya juya wa rana. Na haɗa masa da akwatin roba mai murfi da ƙunshin silika mai tsotse danshi, na ce jakar fatar ya bar ta don ranar aiki kawai.