Abin da na koya wajen ɗaura doxorubicin a jikin TAT

A kan doxorubicin na yi aikin digirina na biyu a Sakkwato, jan maganin nan da ake yi wa masu cutar dajin mama ƙarinsa. Yana aiki, amma wasu ƙwayoyin daji na da famfo a bangonsu mai suna P-glycoprotein, wanda ke tunkuɗo maganin waje. Ga shi ba a ƙara yawansa yadda aka ga dama, don yana taɓa zuciya. Malam ya ce da ni: "Nemo masa ɗan rakiya."

TAT muka zaɓa, guntun furotin mai amino asid 11 daga ƙwayar HIV. Tun 1988 aka gano furotin ɗin na kutsawa cikin ƙwayar halitta da kansa, kuma yawan arginine da ke jikinsa, wani amino asid mai cajin lantarki, ne ke manna shi ga bangon ƙwayar.

Inda aikin yake shi ne mahaɗin da ke ɗaure maganin da TAT. In ya yi ƙarfi, maganin zai shiga amma ba zai saku ya kai ga DNA ba. In ya yi rauni, tun a jini zai tsinke. Na yi amfani da mahaɗi mai suna hydrazone, wanda ke riƙewa a pH (ma'aunin tsami) 7.4 na jini, ya warware a ruwa mai tsami na wajen pH 5 da ke cikin ƴan jakunkunan ƙwayar. Saboda haka kullum sai na auna pH kafin na zuba komai. Kwalaben kuwa a naɗe suke don haske, a cikin ƙanƙara don zafin Afrilu.

Doxorubicin na ƙyalli da kansa a madubin bincike, kuma ganin jan nan na saurin ruɗar mutum. Tun 2003 aka nuna cewa sandarar da ƙwayoyi da sinadari kafin a duba su na watsa TAT inda bai kai ba. Don haka da ransu nake duba su, bayan na wanke wanda ya manne a jikin bango da trypsin, sinadarin da ke yanka furotin. A nan na ga mafi yawansa ɗigo-ɗigo ne, a maƙale cikin jakunkuna, kaɗan ne ya isa tsakiyar ƙwayar, inda DNA yake.

Abin da ya fi damuna, TAT bai san ƙwayar daji da lafiyayya ba, duk shiga yake. Yanzu ina gwada rufe cajinsa da wani guntu wanda sinadaran da ƙarin daji ke fitarwa za su yanke, don sai ya isa wurin zai buɗe.