Gurfanar da azzalumin shugaba a kotu: daga Sarki Charles zuwa Hissène Habré

Da wuya ka buɗe kundin dokar laifuffuka na wata ƙasa ka tarar da sashen da ya ce zalunci laifi ne, hukuncinsa shekara kaza. Za ka ga kisan kai, za ka ga azabtarwa da cin amanar ƙasa, amma zalunci a dunƙule ba shi da sashe. Saboda haka duk wanda ya tashi kai azzalumin shugaba kotu sai ya warware zaluncin nan zare-zare: wa aka kashe, a ina, wace rana, da umarnin wa. Kusan shekara 400 ke nan lauyoyi na fama da wannan aiki, kuma a nan ne yawancin shari'o'in suke tsayawa da ƙafafunsu ko su sukurkuce.

Ranar 20 ga Janairun 1649 aka shigo da Sarki Charles na ɗaya zauren Westminster a Landan. Majalisar wakilai ce ta kafa kotun, bayan da sojoji suka tsaya a ƙofa cikin watan Disamba suka hana 'yan majalisar da ke neman sulhu da sarki shiga. Majalisar dattawa ta ƙi sa hannu, aka yi gaba ba da ita ba. An rubuta sunan mutum 135 a matsayin alƙalai, kusan rabinsu ne kawai suka riƙa zama. John Bradshaw ya shugabanci zaman, John Cooke ya gabatar da ƙara.

Matsalar Cooke babba ce. A dokar Ingila ta lokacin, cin amanar ƙasa laifi ne da ake yi wa sarki. To yaya sarki zai ci amanar kansa? Sai ya juya maganar: ya ce sarauta amana ce aka damƙa wa Charles, mai iyaka, don ya yi mulki bisa dokar ƙasa, shi kuwa ya ɗaura yaƙi da mutanen da aka ba shi riƙo. Ya kuma ɗora masa alhakin kashe-kashe da ƙone-ƙonen da aka yi a yaƙin basasar, ko da ba da hannunsa aka yi ba. Wannan tunani, cewa jinin da dakaru suka zubar yana wuyan wanda ya tura su, shi ne har gobe ake gina tuhuma a kansa.

Charles bai ce ya aikata ba, bai ce bai aikata ba. Tambaya ɗaya ya riƙe: da wane halastaccen iko kuka kawo ni nan? Zama uku ana neman ya amsa tuhuma yana ƙi. Kotu ta ɗauki ƙin amsawar a matsayin amsa laifi, aka saurari shaidu a wani ɗaki ba ya nan, aka yanke hukunci ranar 27, aka kuma hana shi magana bayan hukuncin. Mutum 59 suka sa hannu a takardar kisa, aka sare kansa ranar 30 ga wata. A ganina nan ne shari'ar ta yi rauni ƙwarai. Suna da shaidu, amma jama'a ba su ga an baje hujja a gaban mai laifi ba, abin da suka gani shi ne sarki yana tambaya ana katse shi. Da sarauta ta dawo a 1660, Cooke na cikin waɗanda aka kashe.

A Faransa wata matsalar ce ta fito. Tsarin mulkin 1791 ya ce ba a taɓa sarki, iyakar abin da za a yi masa shi ne a ɗauka ya sauka daga gado. Duk da haka majalisar ƙasa ta gurfanar da Sarki Louis na 16 a Disambar 1792, ita ce mai ƙara, ita ce alƙali. Lauyansa Raymond de Sèze ya ce musu ya duba cikinsu yana neman alƙalai, masu tuhuma kaɗai ya gani. Cikin mutum 721 da suka kaɗa ƙuri'a, 361 ne suka zaɓi kisa ba tare da sharaɗi ba, aka kashe shi ranar 21 ga Janairun 1793. Tambayar da ta rage ita ce: ana hukunta mutum da dokar da ba ta nan lokacin da ya yi aikin? Amsar da duniya ta tsaya a kai daga baya tana cikin sashe na 15 na yarjejeniyar 'yancin jama'a da siyasa ta 1966. Ba a yi wa doka aiki da baya, sai dai in aikin dama laifi ne a ƙa'idojin da ƙasashe suka yarda da su, ko da dokar gida ta yi shiru.

Bayan yaƙin duniya na ɗaya, sashe na 227 na yarjejeniyar Versailles ya tanadi kotu mai alƙalai biyar don Sarkin Jamus Wilhelm na biyu. Holan, inda ya gudu, ta ƙi miƙa shi, ya mutu a can a 1941. Sai a 1945 aka rubuta ƙarara a sashe na 7 na dokar da ta kafa kotun Nuremberg, wadda ta yi wa shugabannin Nazi na Jamus shari'a, cewa muƙami, ko da na shugaban ƙasa ne, ba ya wanke mutum.

Rubuta hakan bai kashe rigar kariya ba, domin iri biyu ce, kuma mutane na yawan gwama su. Ta farko tana bin kujera: muddin mutum na kan mulki, kotun wata ƙasa ba ta da hurumin kama shi, komai girman laifin. Kotun duniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta jaddada wannan a 2002 a ƙarar da Kwango ta kai Beljiyam. Ta biyu tana bin aikin da aka yi da sunan hukuma, kuma tana nan ko bayan an sauka. Ita ce Augusto Pinochet na Chile ya fake da ita da aka kama shi a Landan ranar 16 ga Oktoban 1998 bisa sammacin alƙalin Sifaniya Baltasar Garzón. Hukuncin farko na alƙalan majalisar dattawan Birtaniya ya tafi uku da biyu a kan ba shi da kariya, amma aka soke shi saboda ɗaya daga cikin alƙalan yana da alaƙa da Amnesty International, wadda ta shiga shari'ar, bai kuma bayyana ba. A zama na gaba, Maris 1999, alƙalai shida cikin bakwai suka ce tsohon shugaba ba shi da kariya a laifin azabtarwa, amma wanda aka yi daga Disambar 1988 kawai, lokacin da yarjejeniyar hana azabtarwa ta hau kan Birtaniya. Wannan kwanan wata ɗaya ya zubar da mafi yawan tuhume-tuhumen, tunda ta'asar mafi muni an yi ta ne a shekarun 1970. A Maris 2000 aka sallame shi saboda rashin lafiya.

In an tsallake kariya, sai aiki mafi wuya: haɗa shugaba da gawar. Shugaba ba ya riƙe bulala, ba ya sa hannu a takardar da ta ce a kashe wane. Hanyar da aka fi bi ita ce alhakin shugabanci, kuma sai an tabbatar da abu uku. Yana da iko na zahiri a kan masu aikin, ba na suna ba. Ya sani, ko ya kau da kai daga bayanan da ke gabansa. Sannan bai hana ba, bai hukunta ba. Ko ɗaya ya faɗi, tuhumar ta faɗi. A Janairun 2019 kotun hukunta manyan laifuffuka da ke Hague ta sallami tsohon shugaban Kodebuwa Laurent Gbagbo tun kafin ya fara kare kansa, ba don ba a kashe mutane a Kodebuwa ba, sai don masu ƙara sun kasa nuna igiyar da ta haɗa shi da kisan. Charles Taylor na Laberiya kuwa, da aka ɗaure shekara 50 a 2012, da taimaka wa 'yan tawayen Saliyo da shirya hare-hare tare da su aka kama shi, alƙalai ba su yarda cewa shi ke ba su umarni ba.

Yawan tuhuma ma tarko ne. An jibga wa Slobodan Milošević na Sabiya tuhuma 66 da suka shafi yaƙe-yaƙe uku, aka fara shari'a a Fabrairun 2002, ya mutu a Maris 2006 ba a yanke hukunci ba. Masu ƙara a Ajantina a 1985 sun fi dabara: cikin dubban mutanen da aka ɓatar, ƙararraki 709 suka zaɓa, kafin shekara ta ƙare tsohon shugaban mulkin soja Jorge Videla ya samu ɗaurin rai da rai. Gaggawa kuma tana da nata ɓarnar. An rataye Saddam Husaini ranar 30 ga Disambar 2006 kan kisan mutum 148 na Dujail alhali shari'ar kisan Kurdawa tana tsaka, waɗanda suka fi kowa yawan matattu ba su ji hukunci a kansa ba. Ta Nicolae Ceaușescu na Romaniya a 1989, wadda ba ta wuce kimanin awa ɗaya ba kuma lauyoyinsa suka koma suna zarginsa, ba ta cancanci a kira ta shari'a ba.

Wadda ta fi dacewa a yi nazarinta ita ce ta Hissène Habré, wanda ya mulki Chadi daga 1982 zuwa 1990 ya gudu Senegal. A 2001 masu bincike na Human Rights Watch suka shiga tsohuwar hedikwatar 'yan sandansa na ciki, DDS, a Njamena, suka tarar da takardu zube a ƙasa cikin ƙura: jerin fursunoni, takardun mutuwa, rahotannin tambayoyi. Da aka tantance, aka samu sunan mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare, da mutum 12,321 da aka ci zarafinsu. Abin da ya fi muhimmanci ga lauya shi ne saƙonni 1,265 da hukumar ta aika wa Habré kai tsaye game da fursunoni 898. Da wannan, cewa bai sani ba ta zama magana marar tushe.

Duk da haka sai da aka yi shekaru ana jan ƙafa. Kotun ECOWAS ta ce a 2010 sai dai a yi shari'ar a kotu ta musamman mai sigar ƙasa da ƙasa, don kauce wa matsalar aiki da doka da baya. A 2012 kotun duniya ta ce wa Senegal ko ta gurfanar da shi ko ta miƙa shi. Daga nan aka kafa kotun tare da Tarayyar Afirka a Dakar, aka buɗe zama ranar 20 ga Yulin 2015 ƙarƙashin alƙali Gberdao Gustave Kam na Burkina Faso.

Habré ya yi irin ta Charles: ya ce bai san kotun ba, lauyoyinsa suka ƙaurace. Amma ba a ɗauki shirunsa a matsayin amsa laifi ba. Kotu ta naɗa masa lauyoyi uku, ta ɗage zama kwana 45 don su karanta fayil, ta sa a riƙa kawo shi ko da ƙarfi. Haka ya zauna da farin rawani da baƙin tabarau, bai ce uffan ba, shaidu 93 suka yi bayani, lauyoyin da aka naɗa suna yi musu tambayoyi. Ranar 30 ga Mayun 2016 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Afrilun 2017, amma ta cire laifin fyaɗen da wata mata ta shaida cewa shi da kansa ya yi mata. Ba ƙaryata ta aka yi ba. Laifin ne bai shiga takardar tuhuma tun farko ba, doka kuwa ba ta yarda a kama mutum da abin da ba a tuhume shi da shi ba. Kuskuren na masu bincike ne, da ba su kai ga wannan shaida a kan lokaci ba.

Kotun ta yanke diyyar sefa biliyan 82 ga mutum 7,396, aka ɗora wa wani asusu na Tarayyar Afirka nemo kuɗin. Ba a tanadi hanyar tilasta biya ba, kadarorin da aka ƙwace kuma ba su kai ko kusa ba. Habré ya mutu a Dakar a Agustan 2021, a lokacin ko mutum ɗaya cikinsu bai karɓi diyyar ba.